Koyon Turanci Ta Intanet: A Fara Ba Malami Kafin Ɗalibi

Duk wanda hanya ta taɓa bi da shi ta Bagauda ya san gine-ginen nan na bakin tafki waɗanda aka yi don otal a zamanin marigayi Gwamna Audu Bako. Yau ba 'yan yawon shaƙatawa ke kwana a cikinsu ba, reshen Kano ne na Makarantar Horon Lauyoyi ta Nijeriya, inda samari da 'yan mata daga kowace kusurwa ta ƙasar nan ke zuwa su ƙarasa karatu kafin a yarje musu tsayawa gaban alƙali. Darasi da Turanci, jarrabawa da Turanci, har gardamar da suke yi a ɗakin cin abinci da Turanci suke yin ta. A bayan shingen makarantar kuwa ga yaranmu nan, wani na kora shanu, wani na ban ruwan tumatir, wata ɗauke da tallan gyaɗa. Tambayar da ta daɗe tana ci mini rai ita ce, daga cikin 'ya'yan Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa, mutum nawa ne za su shiga wannan ƙofa da littafi a hannu, ba da farantin talla a ka ba?

Ba rashin kaifin ƙwaƙwalwa ke hana su ba. Yaron da ya haddace izu 10 tun bai cika shekara 12 ba, ko yarinyar da ke lissafin cinikin uwarta a ka ba ta ɓatar da ko sisi ba, ba mai hankalin da zai kira su daƙiƙai. Abin da ke tare musu hanya, sau da yawa, darasi ɗaya ne rak, watau Turanci. Ba a shiga jami'a a ƙasar nan sai da kiredit a cikinsa. Jarrabawar JAMB kuma, wadda tun 2015 ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya, kowane ɗalibi tilas ya amsa takardar Turanci, ko likita yake so ya zama ko malamin Larabci. Wanda ke shakkar nauyin wannan darasi ya tuna da abin da ya faru a 2025. Da farko hukumar WAEC ta ba da sanarwa cewa kashi 38 cikin 100 ne kawai suka sami kiredit 5 har da Turanci da Lissafi. Bayan 'yan kwanaki ta amsa cewa an yi kuskure wajen duba wata takarda ta Turanci, da aka gyara sai adadin ya hau kusan kashi 63. Takarda ɗaya ta darasi ɗaya ce ta kusa rufe wa dubban yara ƙofa.

Bugu da ƙari, a watan Nuwamba na 2025 Ministan Ilmi, Dokta Tunji Alausa, ya ba da sanarwar soke manufar nan ta 2022 wadda ta tanadi a koyar da yaran firamare da harshen uwa, aka mai da Turanci harshen koyarwa tun daga tushe. Ina da ja a kan wannan shawara, zan kuwa faɗi dalilina a gaba. Amma ko mun so ko mun ƙi, nauyin da ke kan malamin Turanci na ƙauye ya daɗu.

To, a cikin wannan hali ne ake ta yi mana albishir cewa magani ya zo. An ce intanet cike take da darussan Turanci kyauta, abin da kawai yaro ke bukata shi ne wayar salula ta zamani. Maganar ba ƙarya ce tsagwaronta ba. BBC na da sashen koyar da Turanci, British Council na da nata na yara da na manya har da na malamai. Akwai manhajoji irin su Duolingo masu koyarwa kamar ana wasa. YouTube maƙil yake da malamai, wasu ma Hausawa ne 'yan'uwanmu. Tun 2013 Google ya sa Hausa cikin harsunan da yake fassarawa. A watan Maris na 2022 Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya da UNICEF da kamfanin Microsoft suka ƙaddamar da wani rumbun darussa na Nijeriya mai suna Learning Passport. Akwai kuma African Storybook, taskar ƙananan littattafan labarai na yara, wadda ke da labarai da Turanci da kuma Hausa, kowa na iya saukewa ya buga. Ga kuma ƙirƙirarriyar basira da ta shigo kwanan baya, wadda mutum zai rubuta mata jimla ta gyara masa, ya yi mata tambaya ta amsa, ba ta gajiya, ba ta zagi, ba ta riƙe bulala.

Koyar da Turanci daga nesa ba sabon abu ba ne. Tun 1943 BBC ta fara koyar da shi ta rediyo. A 1959 Muryar Amurka ta fito da shirin Turanci mai sauƙi, ana karanta labarai a hankali da kalmomin da ba su wuce kamar 1,500 ba, kuma da yawa daga cikin manyan ma'aikatanmu na yau da shi suka gyara kunnensu. Dattawan da suka yi makaranta zamanin Jihar Arewa za su tuna da shirye-shiryen makarantu da ake watsowa daga Kaduna, malami ya ɗora akwatin rediyo bisa tebur, aji ya yi tsit. Abin lura a nan shi ne, akwatin bai taɓa zama shi kaɗai da yara ba. Kullum akwai malami a tsaye kusa da allo, in an gama shiri ya maimaita, ya yi tambaya, ya gyara.

Bari in faɗi amfanin waɗannan kayayyaki na zamani tsakani da Allah, don kada a ce ni mai ƙin ci gaba ne. Babban abin da suka kawo mana shi ne murya. Yaron Legas ko Fatakwal yana jin Turanci, ko da gurɓatacce ne, a kasuwa da cikin mota da bakin titi. Yaron Yaryasa ko Ririwai kuwa, Hausa ta wadatar da shi daga safe har dare, domin Hausa harshe ne mai ƙarfi, ba ya barin gurbi. Ba ya jin Turanci sai minti 40 na darasi, su ma rabinsu da Hausa ake bayani. Wasu yaran ma, kamar 'ya'yan Fulani da ke gefen dajin Falgore da 'ya'yan Kurama na ƙasar Doguwa, Turanci shi ne harshensu na uku, in an haɗa da Larabcin makarantar allo ya zama na huɗu. Harshe kuwa da kunne ake fara kama shi kafin ido. Littafi ba ya magana, waya tana yi, kuma za ta maimaita jimla sau 20 ba ta ƙosa ba.

Amma fa wayar ba ta san inda ke yi wa Bahaushe ƙaiƙayi ba. Mu wasula 5 gare mu, kowane da dogo da gajere, sai tagwaye irin na ai da au. Bature yana da sautukan wasali wajen 20, ya cusa su cikin haruffa 5, ya bar mai koyo da zato. Ba mu bambanta p da f, shi ya sa yaro zai ce full alhali pull yake nufi. V takan koma b, sautin farkon think ya koma s. Ba mu son baƙaƙe su yi cincirindo ba wasali a tsakani, abin da ya ba mu burodi da fursuna da sukurudireba ke nan, kalmomi masu kyau a Hausa amma masu ka da ɗalibi a jarrabawar furuci. Mu kowane abu namiji ne ko mace, don haka yaro zai kira mota she ya ga ya yi daidai, sa'an nan ya yi mamakin yadda kai da ke da ku duk suka dunƙule cikin you. Manhajar da aka shirya a Amurka ko Ingila don duniya baki ɗaya za ta gaya wa yaro ya yi kuskure, ba za ta gaya masa daga ina kuskuren ya taso ba. Malamin da ya tashi da Hausa shi ya san wannan, kuma shi ne zai iya ce wa aji, ku da kuke bambanta gari na mutane da gari na tuwo ta wajen jan wasali, me zai ba ku wuya a ship da sheep? Nan take sai ka ga fuskoki sun washe. Mai ɗaki shi ya san inda ke masa yoyo.

Abu na biyu ya fi wannan nauyi. Mafi yawan waɗannan darussa da Turanci suke bayanin Turanci, ko da Larabci ko Faransanci ko wasu harsunan da suka fi namu kasuwa a wurin masu shirya su. Kafin yaro ya amfana sai ya iya karanta abin da ke kan fuskar wayar. Ina kuwa amfanin taska ga wanda ba shi da mabuɗi? Duk malamin da ke koyarwa a aji ɗaya na ƙaramar sakandare a karkara ya san akwai yaran da ke zuwa masa bayan shekara 6 a firamare ba sa iya haɗa baƙi da wasali ko da Hausa. Nan ne jan da na ce ina da shi. Karatu sau ɗaya ake koyonsa, kuma ya fi saurin shiga da harshen da yaro ke mafarki da shi. Wannan ba ra'ayina ba ne ni kaɗai. Gwajin da marigayi Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarabanci shekara 6 ana ba su Turanci a matsayin darasi a hannun ƙwararrun malamai, ya nuna ba su gaza takwarorinsu ba ko a Turancin kansa. Manufar ilmi ta ƙasa ta 1977 ma ta amince da harshen uwa a shekarun farko. Gwamnati na da hujjarta, ta ce sakamakon jarrabawa ya lalace, kuma gaskiya ne manufar 2022 ba ta sami littattafai da malaman da za su ɗauke ta ba. Amma ko da wane harshe doka ta ce a koyar, ba dokar da ta hana malami ya tabbata yaro ya iya karanta sunansa da na garinsu kafin a miƙa masa waya.

Masu cewa na'ura za ta maye gurbin malami sukan kafa hujja da abin da aka yi a Jihar Edo. A watannin Yuni da Yuli na 2024, Bankin Duniya ya gwada koyar da Turanci da manhajar Copilot ta Microsoft ga ɗaliban ajin farko na babbar sakandare a birnin Benin, har mako 6, bayan an tashi daga makaranta. Sakamakon ya yi kyau ƙwarai, waɗanda suka shiga shirin sun fi waɗanda ba su shiga ba, 'yan mata ma sun fi cin moriya. Madalla. Sai dai a karanta labarin har ƙarshensa. A ɗakin kwamfuta aka yi, yara biyu-biyu, malamai da aka horar suna kewayawa, su ke buɗe darasi, su ke tsare yara kada su bauɗe, su ke faɗakar da su cewa na'urar takan yi ƙarya da gaba gaɗi. Waɗanda dama suke da ƙoƙari su suka fi ƙaruwa. Kuma ko a birnin Benin ɗaukewar wuta da yankewar intanet sun dami aikin. In haka ta faru a babban birnin jiha, mai karatu ya auna da ƙauyen da ake hawa tudu kafin a sami layin kira.

Kwanakin baya na ziyarci wata sakandare a kudancin jihar nan, ba sai na faɗi sunanta ba. Aka kai ni wani ɗaki mai ƙofar ƙarfe, aka daɗe ana neman mai riƙe da mabuɗi. Da aka buɗe sai ga kwamfutoci a jere an lulluɓe su da zannuwa, ƙura ta yi musu rawani. Injin wuta ba mai, shugaban makaranta kuma, bawan Allah, ya gaya mini gaskiya cewa tsoro yake ji kada ɗaya ta lalace a ce a cire daga albashinsa. A wannan makaranta dai na tarar da wani matashin malami wanda in ya shiga gari ranar Asabar yakan sayi data da kuɗin aljihunsa, ya sauko da gajerun hirarraki na Turanci, ranar Litinin ya haɗa wayarsa da 'yar ƙaramar lasifika irin ta masu tallan magani. Ya kunna, ya tsayar, ya yi bayani da Hausa, ya sa layin dama su zama mai saye, layin hagu mai sayarwa. Aji ya fi mutum 80, amma na ji yara na buɗe baki suna magana, abin da ban ji ba a makarantu da yawa masu fenti. Kayan aikinsa duka ba su kai kuɗin kwamfuta ɗaya daga cikin waɗanda ke barci a ɗakin can ba.

Abin da wannan malami ya gano da kansa, wata ƙasa ta riga ta mai da shi tsari. A Bangladash, shirin English in Action da aka fara a 2008 ya zuba darussan murya da na bidiyo a memori, aka sa a wayoyi masu araha, aka ba malamai tare da lasifika, ana tara su lokaci-lokaci su ga yadda ake koyarwa su gwada a gaban juna. Ba a jira intanet ta kai kowane ƙauye ba. Mu ma hanyar rarrabawa tana nan a shimfiɗe. Je ka Kwanar Dangora ko kowace kasuwar ƙauye, za ka ga rumfar mai caji da mai tura fim a waya. Fina-finan Indiya da aka fassara da Hausa sun kai rugar da motar Ma'aikatar Ilmi ba ta taɓa zuwa ba, har yara sun haddace su. Hanyar da ta kai fim ba za ta kasa kai darasi ba. Mutanen wannan yanki sun fi kowa sanin cewa ruwan da ke kwance a madatsar Tiga tun 1974 bai shayar da shinkafar Kadawa da Kura ba sai da aka haƙa masa magudana.

Saboda haka kirana ga Gwamnatin Jihar Kano, wadda Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilminta a watan Yuni na 2024, shi ne in an zo sayen kayan zamani a fara da malami. Waya mai ɗaukar memori, lasifika mai cajin hasken rana, da horo na gaske wanda ba na kwana biyu a otal a raba kuɗin mota a watse ba. Na san za a ce ai malaman su kansu Turancinsu da rauni, a kawo misalin Jihar Kaduna inda a 2017 malamai 21,780 suka faɗi jarrabawar gwaji. To, wannan ai hujja ce a gare ni, ba a kaina ba. Malamin da ke jin kunyar furucinsa zai iya sauraron darasi a ɗakinsa da dare, ya maimaita ba mai yi masa dariya, da safe ya shiga aji da ƙarfin zuciya. In ka gyara ɗalibi ɗaya ka gyara mutum ɗaya, malami kuwa kowace shekara sabon aji ke wucewa ta hannunsa. Don irin wannan aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna a 1976, lokacin da shirin ilmin firamare kyauta ya tara yara fiye da malamai, aka riƙa horar da su daga nesa da takardu. Abin da takarda ta yi jiya, memori zai yi yau har da murya.

Sai kuma batun wa zai shirya darussan. A watan Maris na 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da ayyukan Muryar Amurka, sashen Hausa ya yi shiru dare ɗaya. A wannan shekara kuma aka rushe hukumar USAID, wadda ta taɓa ɗaukar nauyin littattafan Mu Karanta a jihohin Bauchi da Sakkwato. Ba zargin kowa nake yi ba, mai abu shi ke da ikon abinsa, amma zanen aro ba ya rufe katara. Muna da cibiyar nazarin harsunan Nijeriya a Jami'ar Bayero, muna da kwalejin horon malamai ta Sa'adatu Rimi a Kumbotso, muna da Rediyon Kano da gidan talabijin na Abubakar Rimi da ɗakunan ɗaukar murya. Me zai hana a haɗa su su shirya darussan Turanci masu bayani da Hausa, bisa manhajar karatun makarantunmu, mako-mako, da misalan da yaro ya sani? Hirar da za a koya masa ta kasance ta cinikin masara a kasuwar Tudun Wada ko ta kai mara lafiya asibiti, ba ta sayen tikitin jirgin ƙarƙashin ƙasa a Landan ba. A mallaka wa jiha, a ba kowa izinin kwafa, har mai rumfar caji.

Ku kuma ɗalibai, musamman na manyan makarantu da kuke da wayoyin a hannu, ina da 'yar magana da ku. Wanda ya rubuta insha'i da Hausa ya ba na'ura ta juya masa, ko ya sa ƙirƙirarriyar basira ta rubuta masa gaba ɗaya ya kai wa malami, kansa ya cuta, don ranar jarrabawa daga shi sai alƙalami ko allon kwamfutar da ba ta amsa tambaya. Ka rubuta naka da kurakuransa, sa'an nan ka ba ta ta nuna maka inda ka kauce, ka tambaye ta dalili, ka sake rubutawa da hannunka. Minti 20 kullum a haka ya fi awa 3 na kallon barkwanci, kuma datar da ya ci ba ta kai rabi ba, balle yanzu da kuɗinta ya tashi tun ƙarin da aka amince wa kamfanonin waya a farkon 2025. In ka koma gida hutu, ƙannenka na nan.

Wani abu kuma da ba ya bukatar ko kwabo daga baitulmali. Kowace shekara ɗaruruwan matasa masu Turanci a baki suna zaune wata da watanni a makarantar lauyoyi ta Bagauda, gardama ce sana'ar da suke koyo. Ga makarantun sakandare kewaye da su a ƙasar Bebeji da Ƙiru, tafiyar 'yan mintoci a babur. Jami'an ilmi na yankin su rubuta wa hukumar makarantar takarda, a nemi masu sa kai ko mutum 10, su riƙa zuwa ranar Asabar ɗaya a wata suna alƙalancin muhawara tsakanin yara, suna sauraron abin da suka koya daga lasifikar malaminsu. Takardar ba za ta wuce shafi ɗaya ba, kuma ana iya aika ta kafin a koma hutun zangon nan.